Tsakanin La'asar da Magariba: Kundin Ɗaukar Hoton Ƙwallon Kwando a Birnin Kebbi

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Shekara shida ke nan ina ɗaukar hoton biki da suna da fasfo a nan Birnin Kebbi, amma sai yau na fara tsayawa bakin filin ƙwallon kwando da kyamara a hannu. Ɗan yayata ne sanadi. Ya kusa shekara biyu yana zuwa atisaye a filin siminti na wata makarantar sakandare, kuma da ya nuna mini hotunan da abokansa suka ɗauke shi da waya, babu ko ɗaya da za a gane fuskarsa a ciki. Ya ce, “Kawu, kai da kake da babbar kyamara, ko sau ɗaya ka zo mana.” Abin ya tsaya mini a rai.

Na gaisa da kocinsu, dattijo ne da ya buga wasan tun yana saurayi. Ya ce, “Malam mai hoto, bismilla, sai dai kada ka tsaya inda za a bi ta kanka.” Na yi masa alƙawarin kafin azumi zan kawo hotuna 30 masu kyau, kuma kowane yaro cikin su 16 zai sami aƙalla guda ɗaya nasa.

Kayan da nake da su: Canon 600D wadda ta fito a 2011, da idon (wato lens, gilashin gaban kyamara) da ta zo da shi mai 18–55mm, da batir biyu, da kati mai 16GB. Na ɗauki hoto 412. Da na dawo gida na zuba su a kwamfuta, tara kaɗai suka fita, kuma dukkan taran na yaran da suke tsaye ne suna shan ruwa ko suna sauraron koci. Duk wanda ya motsa ya zama inuwa. A wurin biki kai ake jira, ka ce amarya ta ɗago kai ta ɗago. A nan ba mai jiran ka.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na zauna na duba bayanin da ke jikin kowane hoto. Da na bar kyamara ta zaɓar wa kanta, sai ta riƙa buɗe shota, wato labulen da ke barin haske ya shiga, na tsawon 1/125 na daƙiƙa, wani lokaci ma 1/60. Wannan ya ishi ango da abokansa. Yaron da ya taso da gudu daga tsakiyar fili kuwa, kafin shota ta rufe hannunsa ya riga ya bar inda yake. Ana bukatar 1/500 a ƙalla, in so samu ne 1/1000, don yatsu da ƙwallo su tsaya cak. Amma duk lokacin da ka ninka saurin, rabin hasken ka zubar. Dole a nemo shi daga wani wuri: ko a ƙara buɗe ido, ko a ɗaga ISO, wato ƙarfin da kyamara ke kama haske da shi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau da hannuna na saita komai. Na kafe shota a 1/1000, na riƙa rubuta abin da haske yake yi a bayan katin gayyatar wani biki da ke aljihuna.

Yaran ba sa haɗuwa sai an idar da la'asar, kafin a share fili a miƙe jiki ƙarfe biyar saura kwata ta yi. A lokacin ISO 400 ya wadatar. Biyar da rabi na koma 1600. Shida saura kwata ina kan 3200, hotunan sun fara yin ɗige-ɗige kamar an watsa musu yashi. Ƙarfe shida da ɗan wani abu na haƙura na rufe, alhali a lokacin ne wasan ya fi zafi, don koci yakan bar karawar biyar-da-biyar zuwa ƙarshe. Ana kiran magariba kowa ya nufi buta.

Matsalar tana ga idon. Idan na zuƙo shi zuwa 55mm, iyakar buɗewarsa f/5.6 ce (ƙaramar lamba ita ce babbar buɗewa). Akwai ƙaramin ido mai 50mm da yake buɗewa har f/1.8, kuma bisa lissafi hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na wancan. Ba ya zuƙowa, ƙafarka ce za ta yi aikin. Shi zan nema.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Wani abokin sana'a a Kano ya samo mini idon 50mm ɗin na hannu, mai tsabta. Naira 135,000, kuɗin aike 4,000. Kuɗin biki biyu ne suka tafi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na karɓo shi a tasha jiya da daddare. Haske kam ya samu: har shida da minti goma ina ɗauka a 1/800. Sai wata sabuwa ta ɓullo. A f/1.8, idan yaro yana nesa da ni kamar mita biyar, zurfin wurin da yake fita tangaran bai kai mita ɗaya ba. Taku biyu ya fice daga ciki. Hotuna da yawa katangar makaranta ce ta fito fes, yaron kuma dishi-dishi.

Na gyara abu uku. Na mayar da fokas zuwa AI Servo don ya riƙa bin mai motsi. Cikin ɗigo tara na fokas na zaɓi na tsakiya kaɗai, shi ya fi kamawa. Sannan na ɗauke aikin fokas daga maɓallin ɗauka na mayar da shi maɓallin baya, babban yatsa yana bi, manuniya tana ɗauka. Hannuna bai saba ba tukuna. Na kuma lura f/2.2 ko f/2.5 sun fi rufa asiri matuƙar akwai sauran rana.

Hoto 350, masu kyau 21. Amma a cikin 21 ɗin ba wanda ya motsa ni. Yara ne kawai suna gudu.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Wannan ranar nake so in rubuta da kyau.

Na nuna wa koci hotunan makon jiya a waya. Ya daɗe yana turawa da yatsa, sannan ya ce, “Malam, ƙwallo kake bi, shi ya sa kullum kake makara. Ƙwallo ta fi ka sauri. Yau ajiye na'urar nan ka zauna kusa da ni.”

Ban ji daɗi ba da farko, don na rufe shago na zo. Amma na mayar da kyamara jaka na zauna a kan benci. Kusan awa ɗaya yana nuna mini abin da idona bai taɓa gani ba. Ya ce in kalli ƙugun mai ƙwallo, don kafaɗa da ido suna yaudara, ƙugu ba ya yi. Ya nuna mini yadda dogon yaron nan mai lamba 11 yake zuwa ya tsaya kamar ginshiƙi ya tare wa abokinsa mai tsaro, da yadda yake juyawa ya nufi kwando da zarar abokin ya wuce. Ya ce, “Ka ga ya juya? To can ƙwallo za ta je. Kai ka riga ta isa.” Sau huɗu yana faɗa, sau uku hakan ta faru.

Ya kuma sa ni ƙirga takun mai shiga ƙarƙashin kwando. Bayan ya kama ƙwallo da hannu biyu taku biyu doka ta ba shi, na biyun shi ne na tashi sama. Ɗaya, biyu, sama. Na-daman yakan tashi da ƙafar hagu, bahago da ta dama. Idan ka riƙe wannan kiɗan, ka san lokacin da hannu zai miƙe kafin ya miƙe.

Abin da ya sa wannan ya shafe ni ƙwarai shi ne, kyamarata hoto 3.7 take iya ɗauka a daƙiƙa. Tsakanin hoto da hoto akwai fiye da rubu'in daƙiƙa, tsalle kuwa duka-duka bai cika daƙiƙa ɗaya ba. In na danne maɓalli na bar shi, sai in sami yaro yana hawa, in same shi yana saukowa, ƙololuwar ta faɗa tsakani. A ƙololuwar nan kuwa jiki yake ɗan tsayawa, fuska ta buɗe, ƙwallo tana kan yatsu. Da ina ta tunanin sai na sayi kyamara mai sauri. Yanzu na ga ɗauka ɗaya ake yi, a kan lokaci.

A minti goma na ƙarshe ya ce in ɗauko ta. Na durƙusa bayan layin ƙarshe, ɗan gefe da ƙarfen da ke riƙe da allo. Fili mai cikakken awo mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kuma ido mai 50mm a irin kyamarata yana gani kamar 80mm, saboda haka daga nan rabin filin da ke gabana kaɗai nawa ne, ɗaya rabin na bar wa Allah. Durƙusawa ta canza komai. Zoben yana da nisan mita 3.05 daga ƙasa, kuma daga ƙasa ne ake ganin girman wannan tazarar. Hoto 14 na ɗauka. A ɗaya ɗan yayata yana sama, jijiyar wuyansa a miƙe, ƙwallo ta bar tafinsa da kamar kamu ɗaya. Na nuna masa, ya yi shiru, sannan ya ce, “Kawu, ni ne wannan?”

Laraba, 27 ga Nuwamba

Atisaye. Na ƙirga taku, na ɗauki 60 kawai. Katina ya yi kaɗan ga RAW, wato ɗanyen hoto mai cin wuri, na sayi mai 64GB a wani shago, naira 6,500.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Wasan sada zumunci da wasu yara da suka zo daga Argungu. An yi shi yadda doka ta tanada, zango huɗu, kowanne minti goma, da alƙalin wasa da usur. Rabin farko yaranmu suna jefawa a kwandon yamma, rana tana bayana tana haska fuskokinsu in na tsaya a gefe. Da aka sauya gida bayan hutun rabin lokaci sai na koma kusurwar da rana ke fuskantata, ga ƙurar hunturu ta fara tashi, kowane yaro ya sami zaren haske a gefen kai da kafaɗa. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka a bayan kyamarata ba. Mai lamba 11 ya doke wata ƙwallo a sama ana saura kaɗan a tashi, na kama ta daidai. Na duba sau biyu, na nuna wa koci.

Na dawo gida na zura katin a kwamfuta. Hotunan farko kamar 290 sun buɗe. Daga nan duk sauran sunayensu na nan, girmansu na nan, amma ba sa buɗewa. Dukan rabin wasa na biyu.

Talata, 3 ga Disamba

Kwana uku ina fama. Na sa manhajar PhotoRec ta yi ta tono har asuba, ta dawo mini da waɗanda dama suna buɗewa. Daga baya na gwada katin da H2testw, wadda take cika kati da bayanai sannan ta karanta ta ga nawa ya riƙe da gaske. Abin da ya riƙe bai kai 8GB ba. Jabu ne. An yi masa dabara ne ya riƙa gaya wa kyamara cewa shi 64 ne, ita kuwa ta yi ta zuba hoto a rijiyar da ba ta da ƙasa. Abin da na gani a bayan kyamara a fili, na gan shi ne kafin ya salwanta.

Na koma shagon. Mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa, ya mayar mini da 4,000. Ban ja magana ba, kuɗin ba su ne damuwata ba. Arahar ce ya kamata ta tsayar da ni tun farko.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne gaya wa mai lamba 11, don ya riga ya faɗa wa mahaifinsa. Na same shi kafin atisaye na ce, “Ɗana, hoton nan naka ya lalace a hannuna, ka yi haƙuri.” Ya ce, “Ba komai Baba, zan sake doke wata.” Na san ba a yin irinta sau biyu da wannan hasken.

Na sayi kati biyu masu 32GB a wurin wanda na sani, 9,000 kowanne, na gwada su kafin su shiga kyamara. Daga yau kati ɗaya rabin farko, ɗaya rabi na biyu.

Asabar, 7 ga Disamba

Ina wurin biki a Jega, ban je fili ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai. Rana ta zama kamar faifai fari, ba inuwa mai kaifi a fuskoki, wanda alheri ne, sai dai haske yana ƙarewa da wuri kuma launi yana komawa ruwan ƙasa. Gyara kaɗan a kwamfuta yana dawo da shi.

Kuskuren yau: na cire ido a tsakiyar fili don in ɗauki hoton ƙungiya da mai faɗin. Da na matse shi zuwa f/11 sai ga tabo biyar a sararin sama, a wuri ɗaya cikin kowane hoto. Ƙura ce ta hau sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. Mabusar roba ta cire uku, biyu suka ƙi. Mai gyara ya karɓi 7,000. A hunturu ba a sauya ido a fili, a ɗaki ake yi, baki yana kallon ƙasa.

Asabar, 21 ga Disamba

An gayyace su wasan dare a wani fili da aka kewaye da fitilu ana ba su wuta da janareta. Na yi murna, na ɗauka yau ba tsere da magariba. Na sa 1/500, f/1.8, ISO 6400, iyakar abin da kyamarar ke bayarwa ba tare da an matsa mata ba.

Hotunan suka fito kowanne da halinsa. Wannan da haske, na bayansa da duhu, wani kore-kore, wani rabinsa ruwan ɗorawa, alhali ban taɓa komai ba. Dalili shi ne wutar da muke amfani da ita a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, irin waɗannan fitilu kuma suna ƙiftawa sau 100. Ido ba ya gani. Shota mai 1/500 kuwa yanki kaɗan take kamawa daga cikin ƙiftawa ɗaya, ko ta faɗa kan haske ko ta faɗa kan dusashewa. In ka sauko 1/100 launi zai daidaita, amma mai gudu ya baje. Akwai kyamarori da suke jiran ƙololuwar hasken kafin su ɗauka, Canon ta fara sa wannan a 7D Mark II a 2014, tawa ta girme shi.

Filashi ban ma yi tunaninsa ba. Ba zan haska idon yaron da yake sama ba, ƙasa siminti ce.

Abin da na yi: na sauka 1/250, na daina neman gudu, na koma neman inda wasa yake tsayawa da kansa. Mai shirin jifa bayan an yi masa ƙeta, ya tsura wa zobe ido, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Yara sun haɗa kai koci yana zana musu da yatsa a tafin hannu. Na mayar da shida baƙi-da-fari, ɗige-ɗigen ma sai ya dace da su. Biyu daga ciki za su shiga cikin talatin.

Asabar, 28 ga Disamba

Da safe akwai 'yan mata bakwai da suke atisaye da wata malama, ƙarƙashin kulawar koci. Ya ce biyu kaɗai ne a da, sauran sun zo ne bayan da D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, suka doke Ostareliya da Kanada a gasar Olamfik ta Faris a 2024, suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, abin da wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa yi ba. Suna wasa da dogon wando da ɗankwali mai kama kai, kuma tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta halatta rufe kai a wasa.

Malamar ta ce, “Malam, su ma suna so, amma ka san garinmu.” Na sani. Muka tsara haka: ba zan ɗauki kowa ba sai iyayenta sun amince, ba abin da zai hau Facebook ko WhatsApp, zan wanke a takarda in damƙa wa malama, sannan in goge na wurina a gabanta. A ganina haka ya kamata ko da ba a roƙa ba. Hoton yarinya idan ya shiga waya ya fita hannun kowa, kuma magana ɗaya a unguwa ta isa a hana ta zuwa fili har abada. Gida huɗu sun yarda, uku sun ce a'a. Na ɗauki huɗun daga kusurwar da sauran ba za su faɗo ciki ba.

Hasken safe ya fi na yamma sauƙi nesa ba kusa ba: 1/1600 a ISO 200.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Hoto 85, masu kyau 19. Yara biyu da ba sa samun shiga wasa sosai har yanzu ba su da nasu. Na roƙi koci ya sa su a zangon farko mako mai zuwa, tun da sauran rana.

Asabar, 11 ga Janairu

Ya sa su, na same su duka biyun. Mai lamba 11 ma ya sami nasa, yana fizgo ƙwallon da ta dawo daga allo, gwiwar hannu a buɗe. Bai kai wanda ya ɓace ba, amma ya karɓa da hannu biyu.

Na zaɓi 26 na maza da 8 na mata, na kai wanki. Ƙanana 34 a kan 600, naira 20,400. Babba guda na ƙungiya da firam, 12,000, na koci ne. Gwajin farko fatar yaran ta yi duhu fiye da yadda take a allon kwamfuta, sai da na ƙara haske kaɗan aka sake uku.

Jimillar abin da na kashe zuwa yau, har da asarar katin jabu da gyaran sensa, ban da man babur: naira 198,900. Ban karɓi ko kwabo ba, kuma ba zan karɓa a hannun yaran nan ba. Wata makaranta mai zaman kanta ta ga hotunan a wurin koci ta tambayi farashin ɗaukar wasanninta na gida-gida a watan gobe, wannan kam aiki ne.

Abin da ya rage kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama a farkon Maris: ramuwar wasa a Argungu, inda koci ya ce kwandunan kudu da arewa suke kallo, ke nan rana daga gefe za ta zo. Ina so in isa da awa ɗaya kafin a fara in zagaya filin. Ina kuma neman aron ido mai 85mm f/1.8 na yini ɗaya, in ga ko zai kai ni tsakiyar fili daga layin ƙarshe kafin in sa kuɗina. Sai hular roba ta bakin ido, don ranar Laraba ƙwallo ta wuce gilashin da kamar yatsa biyu.